Darasi na Bakwai: Idan Ƙofar Gareji Ta Cije

A cikin abubuwan da ke motsi a gida, ƙofar gareji mai ɗagawa sama tana cikin waɗanda suka fi nauyi. Ƙarama mai cin mota ɗaya takan kai kilo 60. Babba mai cin mota biyu takan wuce kilo 100. Amma sai ka ga mutum ya ɗaga ta da hannu ɗaya. Ba ƙarfinsa ba ne, aikin sifirin ne.

Ku shiga garejin, ku ɗaga kai ku dubi saman ƙofar. Za ku ga sandar ƙarfe a gicciye, da sifirin mai kauri a nannaɗe a jikinta. A wasu ƙofofin, sifirin biyu ne dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu. A ƙofa mai naɗewa kuwa, sifirin yana ɓoye cikin gangar da take naɗewa a kai. Kowane iri ne, an murɗa sifirin ko an ja shi an ɗaure, yana riƙe da ƙarfi daidai da nauyin ƙofar. In ba ƙofa mai naɗewa ba ce, daga kowane gefe wayar ƙarfe ta sauko ta kama gindin ƙofar. Sifirin da wayoyin nan su ne masu ɗaukar kaya. Injin lantarki, in akwai shi, ja da turawa kawai yake yi. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa sauran darasin ya tsaya.

Kafin ku taɓa komai

Ƙofa ta cije. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su yi ta danna rimot, ko su sa kafaɗa su tura. Duka biyun ɓarna suke ƙarawa. Injin da ake tilasta wa jan ƙofar da ta maƙale yakan cinye haƙoransa, wani lokaci ya lanƙwasa saman ƙofar.

Ku fara da kawar da yara daga wurin. Sannan ku kunna fitila ko tocila, ku tsaya daga ciki ku duba, hannu a baya. Ƙofar a miƙe take ko ta karkata? Wayoyin biyu a ɗame suke ko ɗaya ta saki? Sifirin a haɗe yake? In komai yana nan daidai, sai ku bi ƙananan dalilai, waɗanda su ne suka fi yawa.

Sau da yawa wani ne ya sa sakata ko kwaɗo bai faɗa ba. In rimot ya ƙi amma makunnin bango yana aiki, batir ne ya mutu, ko kuma an danna maɓallin kulle da ke jikin makunnin, wanda ke hana rimot aiki. In duka biyun sun yi shiru, ku duba ko akwai wuta, ko filogin injin ya fita daga soket. Injin da ya sha aiki a jere yakan yi zafi ya kashe kansa. Ku ba shi kamar minti 20 ya huce.

Daga nan ku bi layin ƙarfen da 'yan tayoyin ƙofar ke gudu a ciki. Tsakuwa ɗaya, ko noti da ya faɗo, ko ƙotar wani abu da aka jingine a gefe, ya isa ya tsayar da ƙofa. Ku cire filogin injin tukuna, sannan ku share layin da buroshi, ku goge da tsumma.

Tana buɗewa, amma ba ta rufewa

Wannan matsalar tana da alamarta. Ƙofa ta fara sauka, sai ta tsaya ta koma sama, fitilar injin tana ƙyaftawa. Ku sunkuya ku dubi gindin ƙofar ta gefe biyu. Akwai 'yan akwatuna biyu suna kallon juna, tsayinsu daga ƙasa bai wuce santimita 15 ba. Idanun na'urar ke nan. Ɗaya yana aika haske da ido ba ya gani, ɗaya yana karɓa. Duk abin da ya gitta tsakaninsu, ƙofa ba za ta sauka ba.

Ƙura ko yanar gizo a kan gilashin sukan rufe idon. Bugun ƙafa ko na tayar keke yakan karkatar da shi. Ku goge da tsumma mai laushi, ku juya shi a hankali har 'yar fitilar jikinsa ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak. Wannan gyara naku ne, ba sai an kira kowa ba.

Akwai masu cire idanun nan gaba ɗaya, ko su ɗaure su wuri guda a sama don su huta. Don Allah kada ku yi. A Amurka, tun 1993 doka ta wajabta wa masu ƙera injin ƙofar gareji su sa irin wannan kariya, bayan ƙofofi sun danne yara sun mutu. Yaro mai rarrafe ba ya jin ƙofa na saukowa.

Jar igiya

A jikin injin akwai jar igiya mai mariƙi tana reto. Idan aka ja ta, ƙofa ta rabu da injin, ana iya ɗaga ta da hannu. Don ranar da babu wuta aka yi ta. Amma tana da sharaɗi ɗaya mai girma: ana jan ta ne idan ƙofa tana rufe, ta zauna a ƙasa. In ƙofa tana sama kuma sifirin ya karye, injin ne kaɗai ke riƙe da ita. Kuna jan igiyar, duk nauyin nan zai rufto a lokaci guda.

Bayan kun ja, ku kama mariƙin ƙofar da hannu biyu, ku ɗan durƙusa, ku ɗaga da ƙarfin ƙafa, ba da baya ba. Kada yatsa ya shiga tsakanin fallayen ƙofar, don suna haɗewa su matse. Ƙofa mai lafiya takan tashi ba wahala, kuma in kun kai ta daidai ƙugu kuka sassauta hannu, za ta tsaya a wurin. In kun ji ta yi nauyi ƙwarai, ku sauke ta a hankali ku bar ta. Sifirin ba ya aikinsa.

Nan aikinku ya ƙare

Sifirin idan zai karye ba ya sallama. Ƙara ake ji kamar harbin bindiga, ko da ba wanda ya taɓa ƙofar. In kun duba za ku ga ya rabu biyu, da giɓi a tsakani. Ba laifin kowa ba ne, tsufa ne. Yawancin sifirin an yi su ne su ɗauki buɗewa da rufewa kamar sau 10,000. Gidan da ake buɗe ƙofa sau huɗu a rana, shekara bakwai ke nan ko kusa da haka.

Canza sifirin aikin gwani ne. Gwanin yana da sandunan ƙarfe biyu da aka yi daidai ramukan murɗawa, ya kuma san adadin murɗin da nauyin ƙofar ke buƙata. Masu gwadawa da sukuddireba ko guntun rodi, idan ya suɓuce, ƙarfen yakan dawo da ƙarfin da zai karya hannu, ya zubar da haƙora, ko ya tsiyaye ido. Haka ma ƙarfen da ke kusurwar ƙasa, inda waya ta kama. Notinsa yana kama da kowane noti, amma duk jan sifirin yana kansa. Sifana ba ta zuwa wurin.

Ku kira mai gyara kuma idan waya ta saki ko ta fara tsintsinkewa, idan ƙofa ta karkata gefe ɗaya, idan taya ta fita daga layi, idan mota ta bugi ƙofar, ko kun ji ƙaurin ƙuna daga injin. In ta maƙale a tsakiya, ku cire filogi, kada kowa ya bi ta ƙarƙashinta, har kaya ma kada a shiga ɗauka.

Na san da ciwo a ce mota tana ciki, ga wurin aiki yana jira. Ku nemi wata hanyar tafiya a ranar. Kuma kada ku tayar da motar kuna jira a buɗe. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum a ɗaki rufe.

Idan za ku kira, ku faɗi abin da kuka gani, don ya taho da kayan da suka dace. Ga misali, ku karanta shi bibbiyu:

"Salamu alaikum, Malam. Ƙofar garejina ce ta ƙi tashi."

"Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ka ji wata ƙara?"

"Na ji, jiya da dare. Sifirin na sama ya rabu biyu. Ƙofar a rufe take, mai cin mota biyu ce."

"To, cire filogin injin, kada ka ɗaga ta. In da hali turo mini hoto."

Kafin ya fara, ku daidaita kan kuɗin aiki da na kaya. In sifirin biyu ne, a canza duka, don tare suka tsufa. Idan ya gama, ya gwada a gabanku: ƙofa ta tsaya da kanta a tsakiya, sannan a kwantar da katako mai kaurin santimita 4 a ƙasa a rufe ta da inji. Tana taɓa katakon ya kamata ta koma sama. Wannan gwajin ku riƙa yin sa kowane wata.

Sau biyu a shekara ku fesa man silikon a hinjis, wato mahaɗan fallayen ƙofar, da sifirin da ƙusoshin tayoyi. Cikin layin ƙarfe ba a sa masa giris, gogewa kawai yake so, don giris tara ƙura yake yi.

Aiki

Ku zana ƙofar gareji a littafinku. Ku nuna sifirin, waya, layin ƙarfe, idanun na'ura da jar igiya, ku rubuta sunan kowanne. Ku zagaye wuraren da mai gyara kaɗai ke taɓawa. A ƙasan zanen ku rubuta jimla uku da za ku faɗa masa a waya idan ƙofarku ta karkata gefe ɗaya.