Yadda Ake Tarbar Sabuwar Shekara Bisa Al'adar Sinawa

Kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai da 'yan kasuwarmu da suka sauka ƙasar Sin shi ne ɗaukar sabuwar shekarar Sinawa tamkar dare ɗaya, irin na 31 ga Disamba, wanda mutum zai je ya ci abinci, ya kalli wasan wuta, ya koma masauki. Wanda ya zo da wannan tunani ya riga ya makara, domin hidimar tana somawa ne makonni uku kafin ranar, kuma ba ta ƙarewa sai an kunna fitilun daren sha biyar ga watan farko na sabuwar shekararsu. Ƙa'idar da ke riƙe da bikin guda ce: shara da bashi da duk wani ragowar aiki na tsohuwar shekara ne, kuma wajibi ne a gama da su kafin tsakar daren jajibiri. Baƙon da aka gayyata gidan Sinawa, in ya riƙe wannan, sauran matakan za su zo masa da sauƙi.

Mataki na farko shi ne sanin ranar, kuma ba a saninta sai an fahimci yadda suke lissafin yanayi. Watanninsu na gargajiya suna bin jinjirin wata kamar na Hijira, amma akwai bambanci babba. Shekarar Hijira tana zagaya yanayi, shi ya sa azumi yake riskarmu wani lokaci cikin zafi, wani lokaci cikin hunturu. Sinawa kuwa sukan ƙara wata na sha uku sau bakwai cikin kowace shekara 19, don kada watanni su rabu da lokutan noma. Saboda haka sabuwar shekararsu ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ta faɗo 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu saboda ƙarin watan da aka yi a tsakani, sannan a 2027 ranar ita ce 6 ga Fabrairu. Kada a ɗora lissafi a kan ranar bara.

Ban da watanni, sun raba tafiyar rana gida 24, kowanne kimanin kwana 15, tsarin da UNESCO ta sanya cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016, kafin ta sanya bikin kansa a 2024. Biyu daga cikinsu ne suka shafe mu. Dongzhi, wato 21 ko 22 ga Disamba, ita ce ranar da dare ya fi tsawo, kuma daga ita tsofaffi suke ƙirga kwana tara-tara har sau tara, kwana 81 ke nan, kafin su ce sanyi ya sake su. Lichun kuma, wajen 4 ga Fabrairu, ita ce mafarin lokacin da tsirrai ke farfaɗowa. Da Hausa an saba kiran bikin da Bikin Bazara, su kuma suna cewa Chunjie, amma kada sunan ya ruɗi kowa. Bazararmu zafi ce mai jiran damina, tasu kuwa fitowa ce daga ƙanƙara, kuma a ranar bikin kanta arewacin ƙasar yana cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Wanda zai je Beijing ko lardin Shandong ya tanadi rigar sanyi mai kauri da safar hannu.

Da zarar an san ranar, sai tikiti. Zirga-zirgar komawa gida da suke kira Chunyun tana ɗaukar kwana 40, sha biyar kafin bikin, ashirin da biyar bayansa, kuma tikitin jirgin ƙasa yakan ƙare jim kaɗan bayan an buɗe sayar da shi a manhajar 12306. Ɗan kasuwar da ke jiran kaya daga Guangzhou ko Yiwu kuma kada ya dogara da hutun gwamnati na kwana takwas ko tara, domin ma'aikatan masana'antu suna watsewa tun kafinsa, kuma da yawa ba sa dawowa sai bayan sha biyar ga wata. Kayan da ba su shiga kwantena ba mako biyu kafin bikin, a ganina sun zama na wata mai zuwa, kuma kuɗin dako ma yakan tashi a waɗannan makonni.

Hidimar gida tana farawa ranar 8 ga watan sha biyu na lissafinsu na gargajiya, wato Laba, inda ake dama kunu mai kauri na shinkafa da gero da wake da gyaɗa da busasshiyar magarya irin tasu. A arewa a ranar ake jiƙa tafarnuwa cikin ruwan khal, ta rikiɗe ta zama kore kafin daren jajibiri. Sai ranar 23 ga wata a arewa, ko 24 a kudu, wadda suke kira Xiaonian, ƙaramar shekara. A nan masu bin tsohuwar al'ada suke sallamar abin da suka ɗauka ubangidan murhu ne, suna ajiye masa alewa mai danƙo. Wannan sha'anin imaninsu ne, kuma babu mai tilasta wa baƙo shiga ciki. Abin da ya shafi baƙo shi ne sharar da ke biyo baya: ana fitar da kayan ɗaki, a kakkaɓe yanar gizo, a wanke tagogi da labule, domin kalmar ƙura a harshensu, chen, tana da lafazi ɗaya da kalmar tsufa. A ɗauki tsintsiya a taya su. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma ake aski, a biya bashi, a karɓo sababbin takardun kuɗi daga banki. Wanda yake riƙe da kuɗin abokin hulɗarsa Basine ya biya kafin jajibiri ko da ba a tuna masa ba, don an fi ganin nauyin bashin da ya tsallaka shekara fiye da yawansa.

Aikin da masu gida suka fi miƙa wa baƙo, saboda suna ganin zai ji daɗinsa, shi ne liƙa jajayen takardun ƙofa da ake kira chunlian, kuma a nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Takardun uku ne: dogaye biyu da ke sauka a gefen ƙofa dama da hagu, ɗauke da baituka biyu masu amsa juna, sai gajeriya ɗaya a saman ƙofa. Ga wanda bai iya karatunsu ba, dogayen biyu kamanninsu ɗaya, amma ɗaya baitin farko ne, ɗaya na biyu, kuma kowanne da gefensa. A wani ƙauye na Shandong aka ba ni su, aka ce na farkon ya tafi dama. Na tsaya cikin gida na auna damata, na fita na liƙa, alhali dama a wannan aiki ita ce damar mutumin da yake tsaye a waje yana fuskantar ƙofa. Dattijon gidan bai ce mini komai ba, sai dai ya aiki jikansa kasuwa cikin sanyi ya sayo wasu, saboda waɗanda na liƙa sun yage wajen ɓamɓarewa, kuma baitukan da ya zaɓa da kansa ba a sake samun irinsu ba.

Ga yadda ake rarrabe su. Harshensu yana da karin sauti kamar Hausa, guda huɗu: na farko a miƙe yake a sama, na biyu yana hawa, na uku yana sauka ya taso, na huɗu yana faɗowa. A duba harafin ƙarshe na kowane baiti, wato na can ƙasa. Wanda ya ƙare da kari na uku ko na huɗu shi ne baitin farko, wanda ya ƙare da na ɗaya ko na biyu shi ne na biyu. Manhajar ƙamus a waya za ta nuna karin in aka haska mata harafin. Sai dai wasu haruffa sun sauya kari tsakanin tsohon lafazi da na yau, don haka hanyar da na fi yarda da ita ita ce a sa mai sayarwa ya yi alama da fensir a bayan baitin farko tun a kasuwa. Bayan haka a dubi gajeriyar takardar sama. In daga dama zuwa hagu ake karanta ta, yadda aka gada, baitin farko ya tafi dama. In kuwa irin bugun zamani ce mai farawa daga hagu, sai ya koma hagu. A tambayi mai gida ta ina ake karanta ta, sannan a jera takardun uku a ƙasa a gaban ƙofa ya gani da idonsa kafin a shafa musu komai.

Wajen liƙawa, a fara ɓamɓare na bara tsaf. Ƙullun fulawa da aka dama a wuta shi ne na gargajiya kuma ya fi riƙo, amma a yi amfani da shi da ɗuminsa, domin cikin sanyin arewa yakan daskare a bango kafin takarda ta kama. Salatif ya fi sauri, sai dai iska tana ɗaga shi kafin wata ya ƙare, kuma ni ba na son ganinsa a kan rubutun hannu. A fara daga sama a shafo ƙasa da busasshen tsumma. Harafin fu, mai ma'anar alheri, wasu suna liƙa shi a kife saboda kifewa da isowa lafazinsu ɗaya, dao, amma gidaje da yawa ba sa kifa shi a babbar ƙofa, don haka kada baƙo ya kifa shi don ya gani a hoto. Gidan da aka ga babu jan takarda, a wurare da yawa alama ce ta an yi musu rasuwa, kuma ba a yi musu tambaya a kai. Dole a gama wannan aiki kafin abincin daren jajibiri. A kula kuma cewa daga 2025 zuwa 2029 watan sha biyu kwana 29 yake yi, saboda haka mai jiran 30 ga wata zai wayi gari cikin sabuwar shekara.

Kada a shiga gidan hannu rabbana. Lemu da ganyen shayi da kwalin madara ko alewa sun wadatar, kuma a sa su bibbiyu. Ba a kai agogo, saboda ba da agogo lafazinsa ɗaya da raka gawa, haka nan lema da wuƙa, masu nuni da rabuwa. Yaran gida kuma jan ambulan ake ba su, hongbao, ɗauke da sababbin takardun kuɗi. A guji lamba huɗu, wadda take kama da kalmar mutuwa, a nemi shida ko takwas. A arewa da biranen gabas yuan 200 na kuɗinsu ba ya zama abin kunya ga baƙo, a lardin Guangdong na kudu kuwa, inda suke kiransa laisi, yuan 10 ko 20 ya isa, amma ana bai wa mutane da yawa, har masu gadin gida. Farin ambulan na ta'aziyya ne. Ana miƙawa da hannu biyu, a karɓa da hannu biyu, kuma ba a buɗewa a gaban wanda ya bayar. Tura kuɗin ta manhajar WeChat ya yaɗu tun 2014, amma ga yaron da yake tsaye gabanka takarda ta fi.

Abincin daren jajibiri shi ne zuciyar bikin. A arewa ana zama tare a naɗe jiaozi, ƙullin fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da ganye a dafa a ruwa, a kudu kuma ana cin niangao, wainar shinkafa mai danƙo. Musulmi ya sanar da masu gida tun mako guda kafin ranar cewa abincin qingzhen yake ci, wato halal, domin naman alade ne cikin yawancin jiaozi, kuma faɗin haka a kan tebur yana kunyata uwar gida. In an sanar da su da wuri, sukan sayo naman rago ko na sa daga mahautan Musulmin Hui. Giyar baijiu za ta zagayo, kuma ɗaga kofin shayi a madadinta karɓaɓɓe ne, in dai an sa bakin kofin ƙasa da na dattijo wajen gwarawa. Kifin da aka kawo ba a cinye shi duka, saboda kifi da rara lafazinsu ɗaya, yu, kuma ana so rarar ta kwana. Bayan cin abinci ana zaman hira har tsakar dare, galibi a gaban shirin gidan talabijin na ƙasa, CCTV, da ake yi kowace shekara tun 1983. Wasan wuta mai ƙara an hana shi a manyan birane da dama, don haka kada a saya sai an tambayi dokar unguwa.

Da gari ya waye a sa sabon kaya, a gaida manya tukuna da Guonian hao ko Xinnian kuaile, wato barka da sabuwar shekara, 'yan kasuwa kuma Gongxi facai, fatan arziki. Ranar farko ba a shara, ba a fitar da bola, ba a wanke kai, ba a ambaton ciwo ko bashi. In kwano ya fashe, a yi saurin cewa suisui ping'an, fatan zaman lafiya kowace shekara. Rana ta biyu matan aure suna zuwa gidan iyayensu tare da mazajensu, don haka ba ranar ziyarar abokai ba ce. Rana ta biyar ake fitar da sharar da ta taru, shaguna su fara buɗewa. Ranar sha biyar, Yuanxiao, wata ya cika, ana cin dunƙulen garin shinkafa mai zaƙi, a fita kallon fitilu masu ɗauke da kacici-kacici, kuma washegarinta ne ya dace a buga waya a tambayi labarin kaya.