Kurakuran da ake yi idan an kai yara laburare a Jos

Da makarantu sun tashi dogon hutu wajen ƙarshen Yuli, iyaye kan shiga neman inda za su kai yara don kada su wuni suna gantali a unguwa. Laburare na cikin wuraren da suka fi dacewa: ba tsada, ga littattafai, ga shiru. Sai dai shirun nan shi ke ruɗar mutane. Uba ya leƙa ya ga kowa ya duƙufa kan takarda, ga maigadi a ƙofa, sai hankalinsa ya kwanta, ya sauke yara ya wuce kasuwar Taminus harkar gabansa.

Uwar kurakuran ke nan: ɗaukar ma'aikacin laburare a matsayin mai reno. Malamin aji yana da rajista, ya san yaran da ke hannunsa, in ɗaya ya ɓace zai ga kujerarsa ba kowa. Ma'aikacin laburare kuwa littattafai aka damƙa masa. Yana jera na kanta, yana karɓar katin masu shigowa, yana nemo wa ɗalibi tsohuwar jarida. Bai san ɗanka da wa ya zo ba, balle ya san da wa ya kamata ya fita. Kuma ƙofar a buɗe take ga kowa, da mai neman ilimi da mai neman inuwa da wanda Allah kaɗai ya san abin da ya kawo shi. A ganina yaron da bai kai shekara 9 ko 10 ba, babba ya zauna tare da shi, a inda idonsa ke kansa. Tsayuwa a harabar waje ana amsa waya ba zama ba ne. A kuma tambayi ma'aikata ko suna da tasu ƙa'idar ta shekaru, a bi ta.

Daga nan sai "ai ga yayarsu nan". Yarinya 'yar shekara 12 a haɗa ta da ƙanne uku, ko saurayin da ke haddar tambayoyin WAEC a ce ya sa ido kan ɗan shekara biyar. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro, wato ita ma yayar abar kulawa ce. Ba na cewa kada a tura yaya da ƙani tare, haka dukanmu muka taso. Amma a rage nauyin: ƙani ɗaya, lokaci ƙayyadadde, tebur ɗaya, banɗaki kuma tare ake zuwa. In yaya na da jarrabawa a gabanta, a ƙyale ta da karatunta, ba za ta iya haɗa biyun ba.

Da yawa ba su taɓa taka cikin ginin da suke kai 'ya'yansu ba. Kuma ba kowane laburare aka tsara don yara ba. Laburaren Ƙasa, wanda doka ta kafa a 1964 kuma yake da reshe a Jos, asalin aikinsa adana abin da aka wallafa a Najeriya da hidimar masu bincike ne, na jami'a kuwa na ɗalibanta ne. Kafin ka kai yaro ko'ina, shiga da ƙafarka ka tambaya ko akwai sashen yara da wanda ke zama a cikinsa. Sannan ka zagaya. Ka kama kantar littattafai ka ɗan girgiza ta, domin yaron da ya hango littafi mai hoto a sama ba zai kira kowa ba, zai taka kantar ƙasa ya kama ta sama, in ba a kafe ta da bango ba ta biyo shi da duk abin da ke kanta. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ka duba soket ɗin da murfinsa ya fashe, da matakalar bene yadda take in an ɗauke wuta. Ka duba banɗaki musamman. A tsofaffin gine-gine sau da yawa yana can bayan gini, inda ma'aikaci ba ya hangowa daga teburinsa.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokacin tashi. Uwa ta ce za ta dawo bayan La'asar, ba ta tambayi ƙarfe nawa ake rufewa ba, ba ta san ko Juma'a da Asabar sun bambanta da sauran ranaku ba. Hadari ya haɗo, ruwan Jos ya tsinke, keke Napep ya yi wuya daga Farin Gada ko Bukuru, ma'aikata suka kulle suka tafi, yaro na rakuɓe a jikin ƙofa. Mu mazauna garin nan muna da ƙarin dalili. Mun san yadda dokar hana fita ke faɗowa bagatatan, kamar ta awa 24 da aka sanya wa Jos ta Arewa a watan Agustan 2021. Don haka a riƙa zuwa ɗauka da sauran rabin awa kafin a tashi. A rubuta sunan yaro da lambobin waya biyu a takarda a sa masa a aljihu, a bar wa ma'aikaci kwafi, saboda yaron da ya haddace lamba a gida yakan manta ta in ya firgita. A kuma gaya masa tun a gida inda zai tsaya in an makara: cikin gini, kusa da teburin ma'aikata, kada ya fito bakin titi yana leƙen keke.

Wa zai ɗauko shi? A faɗi suna, yaro ya ji, maigadi ya ji. Mun koya wa 'ya'yanmu cewa kowane babba Baba ne ko Mama, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma da ita mugu ke amfani. "Zo nan ɗana, babanka ne ya aiko ni." Yaro mai ladabi zai miƙe. Sai a ba shi amsar da ba rashin kunya a cikinta: "Yi haƙuri Baba, an ce kada in fita sai an kira Mamana." In mutumin ya nace, yaro ya nufi teburin ma'aikata. Ga wani abu da kusan kowa ke mantawa: mun yi ta jaddada wa yaro cewa a laburare ba a magana, har ya ɗauka ko an kama hannunsa shiru zai yi. A fito fili a gaya masa cewa dokar shiru ta faɗi da zarar wani ya taɓa shi ko ya ja shi. Ya yi ihu, babu mai dukansa.

Yunwa ma na fitar da yara. Galibi ba a yarda da ci a ɗakin karatu ba, sai yaro ya sulale ya tsallaka titi sayen awara ko biskit. A ciyar da shi kafin a fito, a kuma taƙaita zaman, awa biyu sun ishi ƙaramin yaro. In hutun Disamba ne a sa masa rigar sanyi, mai asma kuma ya tafi da maganin shaƙarsa, don ƙurar tsofaffin littattafai da ta hunturu kan tayar masa. Inda akwai kwamfuta mai intanet, a zaɓa masa wadda fuskarta ke kallon jama'a.

Su ma ma'aikata suna da nasu. In aka ce ba a ga yaro ba, sukan fara dube-dube a hankali don kada a tayar wa masu karatu da hankali. Ƙofa ake fara tsarewa. A sanar da maigadi kamannin yaron da kayan jikinsa, wani ya nufi banɗaki da bayan gini, wani ya kira iyaye. In an gama zagaye ba a gan shi ba, a kira lambar gaggawa ta 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, kada a tsaya jiran shugaba ya dawo. Yaron da aka bari bayan an tashi kuwa, kada ma'aikaci ɗaya ya ce zai kai shi gida don tausayi. Mutum biyu su zauna da shi a wuri mai haske, su ci gaba da kiran lambobin da ke takardar aljihunsa, su kuma rubuta lokacin da aka zo ɗaukarsa da sunan wanda ya ɗauke shi.