Darasi na 14: Otto Pfister, Bajamushen da Afirka Ta Fi Sani

Malami zai fara karantawa. Sannan kowane ɗalibi ya karanta sakin layi ɗaya da babbar murya.

An haifi Otto Pfister a birnin Kolon na ƙasar Jamus a shekarar 1937. Sana'arsa horar da 'yan ƙwallo, wato koci ne. Bai taɓa riƙe ƙungiya a babbar gasar ƙasarsa ba. A Afirka tauraronsa ya haska. Ya fara aiki a Afirka ne a Ruwanda a 1972, daga nan ya yi ta yawo ƙasa-ƙasa.

Gana ce ta ɗaukaka sunansa. A 1991 ya kai yaran Gana 'yan ƙasa da shekara 17 gasar duniya a Italiya. Suka doke Sifen da ci 1 da nema a wasan ƙarshe, suka ɗauko kofi. Da shekara ta zagayo, ya kai babbar ƙungiyar Gana wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Dakar. Babu Abedi Pele, kyaftin ɗin Gana, ran nan, don an dakatar da shi. Aka tashi babu ci. A bugun fanareti Kwaddibuwa ta yi nasara da 11 da 10. Har yau tsofaffin 'yan kallo a Gana ba su manta wannan dare ba.

Farin jininsa ya wuce filin wasa. Yakan tsaya bakin fili wandonsa ya zame ƙasa da ƙugu. Sai samarin Gana suka laƙaba wa wannan salon sa wando sunansa. Iyaye dai ba su yi murna da wannan gādo ba.

A 2006 shi ya jagoranci Togo a gasar Kofin Duniya da aka yi a ƙasarsa ta haihuwa. Rikicin kuɗin alawus na 'yan wasa ya sa ya ajiye aiki ana saura kwanaki kaɗan a fara, sannan ya dawo. Togo ta sha kashi a wasanninta uku. A 2008 kuma yana kocin Kamaru, ya fitar da Gana daga Kofin Afirka a gidanta, a Akara, da ci 1 da nema. Masar ta hana shi kofin a wasan ƙarshe. Sau biyu ke nan yana zuwa bakin kofin Afirka bai ɗauka ba.

Aikin aji

1. Shekara nawa Pfister ya cika a shekarar da yaran Gana suka ci kofi? Ka cire 1937 daga 1991.
2. Fanareti nawa suka shiga raga a Dakar, idan aka haɗa na ƙasashen biyu?
3. Ka nemo sunayen ƙasashen Afirka da ke cikin karatun, ka rubuta su a littafinka. Kada ka manta da babban harafi a farkon kowane suna.
4. Ka rubuta jimla biyu kan wani koci da ka sani a unguwarku.