Darasi na 9: Al'adar da Ke Ɓata da Gashin Haɓa

Wata ranar Laraba bayan an tashi daga aji, kowa ta ɗauki jakarta ta nufi bakin titi neman adaidaita, sai ɗaya daga cikin ɗalibanmu ta tsaya tana ta gyaran hijabi. Sai da ajin ya watse sannan ta matso.

"Malama, don Allah wata magana ce, amma ina jin kunya."

"Zauna ƙanwata, ba kowa sai ni da ke."

Ta ɗan janye hijabin daga haɓarta. Gashi ne baƙi mai kauri ya tsiro, ga kurajen da reza ta bari. Ta ce kullum da asuba take aske shi kafin maigida ya dawo daga masallaci. Wata huɗu ke nan ba ta ga al'ada ba. Ta sayi abin gwajin ciki a kemis har sau biyu, babu komai. Shekararta uku da aure, dangin miji sun fara magana ƙasa-ƙasa. Wata ta ce namijin dare ne, wata ta ce sanyi ne ya yi mata yawa. Ta sha jiƙe-jiƙe har ta daina ƙirgawa.

Na ce mata addu'a ba a barinta, amma wannan abin da take faɗa yana da suna a asibiti, kuma ana maganinsa. Saboda ita da ire-irenta muka sa wannan darasi a littafin nan.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Kowace mace tana da gidan ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kusa da mahaifa. Duk wata sai 'yan ƙwayaye su fara girma a ciki, ɗaya ya nuna ya fito. In ya haɗu da maniyyi sai ciki ya shiga. In bai haɗu ba, bayan kamar mako 2 sai al'ada ta zo.

Masu tafiyar da wannan aiki wasu sinadarai ne da ke yawo a cikin jini, ana ce musu homon. 'Yan aike ne. Daga cikinsu akwai wanda ake kira androjin, wato sinadarin maza, shi ke sa namiji gemu da kaurin murya. Kada ki firgita, kowace mace tana da shi, ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya. Matsalar ita ce idan gidan ƙwai ya shiga zuba shi fiye da kima. A nan ƙwayayen sai su fara girma su tsaya a hanya, babu wanda ya nuna. Ƙwai bai fito ba, al'ada ba ta zo ba. Sinadarin kuma sai ya bi jini ya je fata, gashi ya fito a haɓa ko saman leɓe ko ƙirji, kuraje su cika fuska, wata ma gashin tsakar kanta ya riƙa zubewa.

Likitoci suna rubuta sunan wannan lalura da haruffa huɗu: PCOS. Ki koyi gane su, don za ki iya ganinsu a katinki. A 1935 wasu likitoci biyu a birnin Shikago na Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninta bayan sun duba mata 7. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun mata 6 zuwa 13 cikin kowace 100 da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a taɓa gano musu ba. Ki duba ajinmu mai mata 30. Ba abin mamaki ba ne a samu biyu ko uku, kowacce tana ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi, tana zaton ita kaɗai ce.

Akwai wani sinadarin da ke hura wutar, shi ne insulin. Aikinsa ya kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. A jikin mafi yawan masu wannan lalura, tsoka ba ta jin kiran insulin da wuri, sai jiki ya yi ta ƙaro shi. Insulin in ya yi yawa sai ya zuga gidan ƙwai ya ƙara zuba sinadarin maza. Yawan insulin ne kuma ke sa bayan wuya da hammata su yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri. Ba dauɗa ba ce. Na ga wadda ta goge wuyanta da soso har ya ɗaye, na ga wadda ta koma man bilicin, duk a banza, don abin daga ciki yake. Lalurar takan bi jini, musamman a gidan da ake da ciwon suga. Ba laifinki ba ne, ba kuma wani ne ya yi miki ba.

A gaban likita

Ki je ɓangaren mata a babban asibiti, kamar Asibitin Murtala, ko na Nasarawa, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Likita yana duba abubuwa 3: al'ada mai tsallake ko ɓacewa, alamun yawan sinadarin maza a jiki ko a gwajin jini, da abin da sikanin, wato hoton cikin jiki, ya nuna. In an samu 2 cikin 3, kuma an tabbatar ba wata cuta ce ta kawo su ba, kamar ciwon maƙoƙo, to ita ce. Wannan ƙa'ida an tsayar da ita a wani taron likitoci a Rotadam ta ƙasar Holan a 2003.

A sikanin ana ganin 'yan ƙananan ƙwayayen nan jere a gefen gidan ƙwai kamar carbi. Mata da yawa in sun ji an ce "akwai ƙululu" sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka daji ne ko sai an yi tiyata. Ba ƙari ba ne, ƙwayaye ne da ba su nuna ba. Yarinya kuwa da ba ta daɗe da fara al'ada ba, rikicewar al'ada a shekarun farko abu ne da aka saba, ba a gaggawar yanke mata hukunci.

Amma in murya ta fara kauri, ko gashin ya fito da yawa cikin 'yan watanni kaɗan, kada ki jira. Wannan yana iya zama wani abu dabam.

Abin da ke hannunki

A nan nake so mu daɗe, don a nan aka fi samun nasara, a nan kuma aka fi karaya.

Mai ƙiba in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, sau da yawa al'ada takan daidaita, wata har ƙwai ya dawo fita. Mu yi lissafi. Mace mai kilo 80, kashi 5 cikin 100 kilo 4 ne, kashi 10 kilo 8. Ba a ce ki rame ba. Kilo 4 cikin 'yan watanni abu ne mai yiwuwa.

Ki fara da abin sha, don nan sukari ya fi ɓuya: lemon kwalba, zoɓon da aka cika wa sukari, shayin safe mai cokali uku da madarar gwangwani. Sannan ki dubi farantinki. Mu a Kano mun saba da tulin shinkafa ko taliya, ganye kuwa sai ɗan abin ado. A juya. Ganye ya ci rabin faranti, tuwo ko shinkafa su koma gefe. Kuma ba sai kin je babban kanti ba, duk abin da ake so yana kasuwar unguwarku: zogale, rama, alayyafo, kabeji, yalo, kuɓewa, wake. Kwaɗon zogale da ƙuli abinci ne na gaske. Wake da ƙwai da kifi suna riƙe ciki. Tuwon dawa ko na gero malmala ɗaya da miya mai yawa ya fi malmala uku da miya ɗan kaɗan. Fura da nono a sha, amma a bar sukarin.

Motsa jiki ana son minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Na san ba kowace ke da damar fita ba. Tafiya da sauri a tsakar gida ma motsa jiki ne, haka hawa bene da sauka, haka tafiya Islamiyya a ƙafa maimakon hawa adaidaita. Ki nemi abokiyar yi, abin ya fi ɗorewa. Siririya ma tana iya samun wannan lalura, ita ba rage nauyi ake so ta yi ba, amma gyaran abinci da motsi suna amfanarta.

Abu ɗaya nake roƙonku da babbar murya: ku guji maganin ƙara ƙiba da ake saya barkatai. Wasunsu suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga sukarin jini, ga mai wannan lalura kuwa ƙara wa wuta fetur ne.

Magungunan asibiti

Likita zai fara tambayarki: kina neman haihuwa yanzu, ko a'a? Amsarki ce ke zaɓar magani, don haka ki faɗi gaskiya.

Wadda ba ta neman ciki a yanzu, akan ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu. Tana daidaita al'ada, tana rage sinadarin maza. Ba ta kashe mahaifa, in an daina sha jiki yana komawa yadda yake. Sai dai ba kowa ake ba ba. Mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai wani irin ciwon ɓarin kai, dole ta sanar. Gashi kuma ba ya saurin ja da baya, a ba shi wata 6 kafin a ce magani bai yi ba. Kafin nan aski ko tsigewa ba laifi, kuma aski ba ya ƙara yawan gashi.

Ga sunayen da za ki iya gani a jikin kwali, mu karanta su tare. Metformin yana taimakon jiki ya ji insulin. Yakan ɓata ciki a farko, shi ya sa ake sha da abinci, ana farawa da kaɗan. Spironolactone yana rage gashi, amma ba a sha in akwai yiwuwar ɗaukar ciki, don yana iya cutar da jariri namiji. Letrozole da Clomiphene su ke sa ƙwai ya nuna ya fito ga mai neman haihuwa. Waɗannan ba na aro wurin maƙwabciya ba ne, likita ke faɗin ranar sha, shi ke bibiya. Mata da yawa masu wannan lalura suna haihuwa, wasu da magani, wasu ma ba tare da shi ba. Maigida shi ma a duba shi, don jinkirin haihuwa ba daga mace kaɗai yake zuwa ba.

Ko da ba kya neman haihuwa, kada ki bar al'ada ta wuce kwana 90 ba ki je asibiti ba. Shimfiɗar cikin mahaifa in ta daɗe ba ta zuba ba takan yi kauri, bayan shekaru tana iya zama daji. Akwai ƙwayar da ake bayarwa ta 'yan kwanaki don jinin ya zo. A riƙa auna sukari da hawan jini, musamman in ciki ya shiga. In kuma damuwa ta hana ki barci, ko kin daina son shiga mutane, ki faɗa wa likita, wannan ma yana cikin lalurar.

Kalmomin da za a kwafa a littafi

gidan ƙwai, homon, androjin, insulin, sikanin, kilo

Aikin gida

Da ɗalibar nan ta je asibiti, tambayar farko da aka yi mata ita ce, "Yaushe rabonki da al'ada?" Ta ce tun wajen Babbar Sallah. Wanda ya gabace shi fa? Ba ta tuna ba. Wannan aikin saboda haka ne.

Ki ware shafi ɗaya a bayan littafinki. Ki ja layi biyu a tsaye, shafin ya rabu gida 3. A gidan farko ki rubuta ranar da jini ya fara da watan. A na biyu, kwana nawa ya yi. A na uku, kwana nawa ne tsakanin wannan farawar da wadda ta gabace ta. Daidai shi ne kwana 21 zuwa 35. Wannan takarda za ta yi miki amfani ko wurin malamar Islamiyya in kina tambaya kan salla da azumi.

Gwaji: wata mata ta ga al'ada ranar 3 ga Janairu, ba ta sake gani ba sai 20 ga Fabrairu. Janairu kwana 31 ne. Kwana nawa ne tsakani? Ya wuce 35 ko bai wuce ba? Ki rubuta amsar, ki zo da ita ranar Litinin. Shafin kwanakinki kuwa naki ne, ba za a karanta shi a gaban aji ba.