Yadda nake gasa kobla ta fic irin ta mutanen Jojiya

A kudancin ƙasar Amurka, musamman nan jihar Jojiya inda nake zaune, da wuya a yi taron cin abinci lokacin zafi ba a ga faffaɗan kwanon kobla a ƙarshen tebur ba. Ita dai kobla ba kek ba ce, ba a yanka ta da wuƙa a jera. 'Ya'yan itace ne da romonsu a ƙasa, gasasshen ƙullu a sama, a sa babban cokali a ɗiba da ɗuminta. Ana yin ta da 'ya'yan itace iri-iri, amma ta fic ita ce gaba a nan.

Fic ɗan itace ne mai fata da laushin gashi-gashi, namansa rawaya, da ƙwallo guda mai tauri a tsakiya. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. Jojiya na taƙama da shi har a lambar motocinta, a Atlanta, babban birnin jihar, kuwa titunan da ke ɗauke da sunan Peachtree, wato bishiyar fic, sun isa su ɓatar da baƙo, duk da cewa Kalifoniya da Karolina ta Kudu sun fi ta noma shi. Kakarsa daga tsakiyar Mayu ce zuwa Agusta. Na farkon kaka namansa manne yake da ƙwallon, sai kin yi ta fama da wuƙa. Ni nakan jira Yuli, lokacin da masu sakin ƙwallo suke fitowa: ki tsaga shi biyu, ki murɗa, ƙwallon ya faɗo da kansa.

Wajen saye, uwargida, kada jan kumatunsa ya ruɗe ki, wannan gefen da rana ta buga ne kawai. Duba kusa da hancinsa. In akwai sauran kore a wurin, bai nuna ba. In rawaya ne, ya ɗan lotsa da kika danna a hankali, kuma ƙamshinsa ya daki hancinki, to shi ne. Wanda bai ƙarasa nuna ba ki zuba shi a jakar takarda ki ajiye a kicin kwana ɗaya ko biyu. Ban da firij, domin sanyi na sa ɗanyen fic ya koma gari-gari, ba ruwa ba daɗi.

Kobla iri biyu ce a gidajen nan. Akwai wadda ake kwaɓa fulawa da tauri a ɗora gutsi-gutsi a saman 'ya'yan itacen, akwai kuma ta ruwan ƙullu. Ta biyun nake yi, wadda wata dattijuwar maƙwabciyata ta koya min, don ta fi sauƙi kuma gefenta ya fi daɗi. Awonta ma ba ya buƙatar littafi: fulawa kofi 1, sukari kofi 1, madara kofi 1. Kofin Amurkawa mililita 240 ne, wato kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi. Sai bota giram 113, wanda a nan sanda guda ce, da bekin hoda ƙaramin cokali 2, da gishiri rubu'in ƙaramin cokali. Fic ɗin kuma kamar guda 6 ko 7 matsakaita, abin da zai ba ki kofi 4 bayan kin yanka, tare da ruwan lemon tsami babban cokali 1 da garin kirfa rabin ƙaramin cokali. Mai son gyaɗar ƙamshi ta goga 'yar kaɗan.

Kofin sukarin nan na ƙullu, gaskiya ni uku bisa huɗu nake sawa. Harshen mutanen kudu ya saba da zaƙin da namu bai saba da shi ba. Amma kada ki rage ya gaza haka, domin sukarin ne ke sa saman ya yi ja ya yi ƙwamɓas-ƙwamɓas.

Fara da ɓare fic ɗin. Ki tsaga fatar kowanne a gindinsa da bakin wuƙa, tsaga biyu a giciye, ki jefa cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ki tsame ki tsunduma cikin ruwan ƙanƙara. Fatar za ta saɓule da yatsa. In ta ƙi, alamar bai nuna sosai ba ce, sai ki fere da wuƙa. Ki yanka shi da ɗan kauri, kowane fic gida shida ko takwas. Sirara narkewa suke yi a wuta, ki neme su ki rasa.

Yanzu ki ɗanɗana yanki guda kafin ki taɓa sukari. Fic ɗin ne zai gaya miki abin da yake so: mai zaƙi babban cokali 3 ya ishe shi, mai tsami zai iya cin rabin kofi. Ki zuba yankakken fic a tukunya da sukarin da lemon tsamin da kirfar, ki ɗora a matsakaiciyar wuta minti biyar kacal, har sukarin ya narke ruwan ya fito. Ba dafa shi ake so ki yi ba. Ki sauke ki ajiye gefe.

Ki kunna obin ki sa shi a 180 na ma'aunin Salshiyos, daidai da 350 a obin ɗin Amurka. Kwanon gashin da ya dace shi ne mai faɗin santimita 23 da tsawon 33, na gilashi ko na ƙarfe. Ki sa botan a ciki ki tura cikin obin ya narke yayin da kike kwaɓa ƙullu. Ki riƙa leƙawa. In ya fara kumfa yana ɗan canza launi zuwa ruwan zuma, ya yi daidai, har ma ya fi ƙamshi. In ya yi baƙi, ki zubar ki sake, don ɗacinsa zai bi ko'ina.

Ki haɗa fulawa, sukari, bekin hoda da gishiri a kwano ki cuɗa su a bushe, sannan ki zuba madarar ki juya. Kaurinsa kamar ƙullun masa zai kasance. Da zarar ba ki ganin busasshiyar fulawa, ki dakata, ko da kuwa akwai 'yan gudaji. Mutanen kudu suna amfani da fulawar alkama mai laushi irin White Lily. In taki mai ƙarfi ce irin ta burodi, yawan bugu zai sa ta yi danƙo, kobla ta fito tana ja. Mai son ƙamshin banila kuma ta duba jikin kwalbar, domin dokar Amurka ta tanadi cewa ainihin ruwan banila ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa. Akwai marar barasa da kuma na gari, su nake saya.

To, ga inda aikin yake. Ki fito da kwanon da narkakken botan, ki kwarara ƙullun a kai, kada ki juya. Ki ɗebi fic ɗin da cokali ki barbaza a saman ƙullun, ki bi da romon, nan ma kada ki juya. Abin da za ki gani ba zai burge ki ba: bota na yawo a gefe, ƙullu ya tsattsage, romo ya kwanta a sama. Hannunki zai yi ta ƙaiƙayin ɗaukar cokali ya gyara. Ki bar shi haka. A cikin wuta bekin hodar za ta saki iska, ƙullun ya kumbura ya taso ta tsakanin yankunan fic, su kuma da yake sun fi nauyi su nutse ƙasa da romonsu. Botan da ƙullun ya tura gefe shi zai soya bakin kwanon, kuma wannan soyayyen gefen shi yara ke rigima a kai a gidana. In kika juya, duk wannan ya tashi, abin da za ki samu dunƙulallen kek ne mai maiƙo.

Ki gasa minti 40 zuwa 45, kada ki buɗe obin a rabin awar farko. Ta gasu idan saman ya yi ja ko'ina har tsakiya, romon kuma yana tafasa a gefe. Ki soka tsinke a inda ƙullu yake a tsakiya, in ya fito da ɗanyen ƙullu ki ƙara minti biyar. In saman na neman ƙonewa ciki bai yi ba, ki rufa masa takardar foyil sakwa-sakwa. Bayan kin fitar, ki ba ta minti 20 ta huce. Romon a lokacin yake yin kauri, mai gaggawa kuwa ruwa za ta kwasa, ta kuma ƙona harshe.

Inda ɗanyen fic ba ya samuwa, na gwangwani ya wadatar, kuma ko a nan da shi ake yi lokacin sanyi. Babban gwangwani mai giram 800 da 'yan kai ya isa, in kina son 'ya'yan su yi yawa ki ƙara ƙarami guda. Ki tsiyaye ruwan ki bar rabin kofi, kada ki ƙara masa sukari, kada kuma ki ɗora shi a wuta, don dafaffe ne. Lemon tsami da kirfa kawai zai nema. Nunannen mangwaro marar zare shi ma yana karɓar wannan haɗin sosai. In ba bota, soyayyen man shanu giram 90 zai yi, tunda shi zallan mai ne, bota kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa ruwa ne da madara. Sai dai ƙamshinsa zai fito fili.

Rashin obin ma ba hujja ba ne. Amurkawa da kansu in sun fita kwana a daji, a tukunyar ƙarfe mai nauyi suke gasa kobla, garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfi. Mai gasa kek da yashi a tukunya ta riga ta san aikin. Ki dai tabbatar wutar sama ta fi ta ƙasa, in ba haka ba romon zai kama gindin kwano ya ƙone kafin saman ya yi ja.

A nan da askirim ake cin ta, ɗumi da sanyi a cokali guda. Ni madarar gwangwani mai sanyi nake ɗan zuba mata. Abin da ya rage ki rufe ki sa a firij, zai kai kwana uku. In za ki ɗumama, ki mayar obin minti goma zuwa sha biyar, domin na'urar ɗumama abinci laushi take sa saman ya yi.