Allon tsohuwar laftof ya rikice: kurakuran da aka fi yi wajen gyaran direban hoto

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu na hannu ne: HP EliteBook 8460p da 8470p, Dell Latitude E6420, Lenovo ThinkPad T420 da ire-irensu, ƙirar 2011 zuwa 2012. Injina ne masu ƙarko, sai dai allo yakan ba da wahala. Rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, hoto ya baje gefe da gefe, haske ya ƙi raguwa, allo ya riƙa ƙyaftawa, ko tambarin Windows ya fito sannan komai ya yi baƙi ƙirin. Da an ga haka sai a ce "direba ne", a shiga sauke wannan ana ɗora wancan. Direba dai ita ce ƙaramar manhajar da ke isar da umarnin Windows ga cif ɗin da ke zana hoto. Takan yi laifi, amma ba kullum ba, kuma kuskure mafi cin lokaci shi ne a fara da ita kafin a tabbatar.

A fara raba laifin manhaja da na ƙarfe

Gwajin bai fi minti goma ba. Ka kashe injin, ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. A nan Windows bai tashi ba, direbarsa ma ba ta fara aiki ba. Idan kana ganin layuka masu launi ko ɗigo-ɗigo a allo, kuma suna nan a cikin BIOS, to ka bar zancen direba, babu wadda za ta goge su.

Sai ka jona monita ko talabijin ta ƙofar VGA ko HDMI, ka danna maɓallin Windows da P ka zaɓi Duplicate. Hoto ya fito tas a waje amma a lalace a allon laftof? Laifin yana ga allon ko wayarsa. Wannan siririyar waya tana bi ta cikin hinjin murfi, buɗewa da rufewa na shekaru sukan cinye ta. Ka riƙe murfin ka motsa shi a hankali kana kallo: in hoton yana gyaruwa yana ɓaci gwargwadon yadda ka karkatar, wayar ce. In kuwa allon ya yi duhu amma kana jin fanka na juyawa, ka ɗora hasken tocila a jikinsa ta gefe, a ɗaki mai duhu. Idan ka hango gumakan Windows dishi-dishi, hoto na nan, fitilar bayan allo ce ta mutu. A injinan da suka girmi 2010 masu fitilar CCFL, galibi ɗan allon inbata mai ba fitilar wuta da ke ƙasan gilashin ne ya ƙone.

Akwai wani gwaji da ake yawan mantawa. Ka ɗauki hoton allo da Print Screen ka tura wa wayarka. In ɓarnar ta fito a cikin hoton, matsalar tana can ciki, a direba ko cif ko RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta injin. In hoton ya fito lafiya, ka koma kan allo da wayarsa.

Sauke direba ba tare da sanin cif ba

Sitikar "Core i5" da ke kusa da kibod ba ta faɗa maka komai, domin Core i5 na 2011 daban yake da na 2014. Ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke cikin injin, ka faɗaɗa Display adapters. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, ko Standard VGA Graphics Adapter a Windows 7, babu direba ke nan, Windows na lallaɓawa ne da ta wucin gadi. Shi ya sa maɓallan haske ba sa aiki, bidiyo na tsalle-tsalle, kuma allon 1366x768 ya tsaya a 1024x768 hoto ya baje. Ka danna dama a kan sunan, Properties, Details, ka zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 na Intel ne, VEN_10DE na NVIDIA, VEN_1002 na AMD. Lambar DEV da ke biye ita ce ainihin cif ɗin: 0116 ko 0126 na nufin Intel HD Graphics 3000, 0166 kuma HD Graphics 4000. Ka kuma duba ko Windows ɗinka mai bit 32 ne ko 64, don direbar ɗaya ba ta hawa ɗayan.

A nan ne tarin direbobin nan da ake yawo da su a filash suke cutar da mutane. Sukan ɗora abin da ya yi kama ba wanda ya dace ba, wasunsu kuma su cusa manhajojin talla. Gara a je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin a nema da lambar samfurinta.

"Wadda ta fi sabunta ita ce ta fi kyau"

Ga tsohon inji wannan ba gaskiya ba ne. Kowane kamfani yana da inda ya tsaya da tallafin tsofaffin cif, kuma duk direbar da ta fito bayan nan ba ta san cif ɗinka ba.

Intel ba ta fitar wa HD Graphics 3000 direbar Windows 10 a shafinta ba. Ta tsaya a Windows 7, 8 da 8.1. Wadda ke aiki a Windows 10 ita ce mai lamba 9.17.10.4459 da ke zuwa ta Windows Update. In ka samu wannan kuma allo na lafiya, ka ƙyale ta, babu wata a gaba. HD Graphics 4000 kuwa yana da ta Windows 10 a jerin 15.33. A ɓangaren NVIDIA, tsofaffin GeForce 8M da 9M sun tsaya a 342.01, masu ƙirar Fermi a 391.35, Kepler na laftof kuma a 425.31. AMD ta janye hannu daga Radeon HD 5000 da 6000 a ƙarshen 2015. Abin da ya rage musu shi ne Catalyst 15.7.1 da Crimson 16.2.1 ta gwaji, kuma mun fi natsuwa da ta farkon.

Wani lokaci ka sauke wadda ta dace daga Intel, sai ta ƙi hawa ta ce ba a tantance ta ga wannan kwamfuta ba. Kamfanin laftof ne ya kulle, don a yi amfani da tasa. Mafita ta farko ita ce a ɗauki ta kamfanin, ko da an rubuta Windows 7 ko 8.1 a kanta. Sau da yawa tana zama lafiya a Windows 10. In ba ta yi ba, ka sauke ta Intel a sigar zip, ka warware ta, ka je Device Manager, Update driver, Browse my computer, Let me pick, Have Disk, ka nuna masa fayil ɗin .inf da ke cikin foldar Graphics.

Masu tilasta wa irin waɗannan injina Windows 11 su sani cewa yana neman direba mai matakin WDDM 2.0 a ma'aunin Windows na direbobin hoto, wanda HD 3000 da HD 4000 ba su kai ba. Zai iya tashi, amma in allo ya fara rikici babu sabuwar direbar da za a jira. Shi ma Windows 10 tallafinsa na gama-gari ya ƙare ran 14 ga Oktoba 2025.

Ɗora sabuwa a kan tarkacen tsohuwa

Idan an ɗora direba uku ko huɗu a jere, kowace ta bar saura, sai su riƙa karo da juna. A share ƙasa tukuna. Ka sauke direbar da ta dace ka ajiye, ka sauke Display Driver Uninstaller, manhajar goge tsofaffin direbobin hoto da aka fi sani da DDU, sannan ka kashe intanet gaba ɗaya. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke ɓata aikin: in akwai intanet, kafin ka ankara Windows Update ya riga ka ɗora tasa. Ka shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi ba tare da direbarka ta hoto ba (hanyar shiga na nan gaba), ka buɗe DDU, ka zaɓi kamfanin cif ɗin, ka danna Clean and restart. Inji ya tashi, ka ɗora direbarka, ka sake kunnawa, sannan ka maido intanet.

Laftof mai cif biyu, Intel da NVIDIA ko Intel da AMD, tana da nata tsari. Ta Intel ake fara ɗorawa, a sake kunnawa, sannan ta biyun, domin a tsarin NVIDIA na cif biyu, wato Optimus, hoton da NVIDIA ta zana ta cikin Intel yake bi ya isa allo. A injinan Intel da AMD na wajajen 2011, irin su HP Pavilion dv6 da g6, direbobin biyu a ɗaure suke cikin kunshi ɗaya na kamfanin laftof. Ka ɗauko ta AMD daban, ta Intel daban, sai ka samu baƙin allo ko alamar rawaya a Device Manager.

In bayan kwana biyu Windows ya sauya maka direba matsalar ta dawo, kada ka cire ta, don zai sake ɗorawa. Ka shiga Properties, Driver, ka danna Roll Back Driver.

Garajen yin fomatin saboda baƙin allo

Abin takaici ne a goge takardun mutum da hotunansa saboda matsalar da ba ta kai ta kawo ba. Ka fara da danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, direbar ta farfaɗo. Ka gwada Windows da P, don wataƙila hoton yana tafiya ga monitar da ba ta nan. In shiru, ka kashe injin da maɓallin wuta da zarar tambarin Windows ya bayyana, sau biyu ko uku a jere, zai kai ka Automatic Repair. Daga nan Advanced options, Troubleshoot, Advanced options kuma, Startup Settings, Restart, ka danna 4 don shiga Safe Mode. A Windows 7 kuwa F8 ne tun kafin tambari ya fito. In hoto ya fito lafiya a Safe Mode, direba ce ta fi kama da mai laifi, sai ka bi hanyar DDU.

Ka lura kuma da lokacin da baƙin allon ke zuwa. Idan bayan Shut down ne kawai, amma Restart na tashi lafiya, Fast Startup, saitin da ke sa Windows tashi da sauri, shi ne ke maido tsohuwar direba a wani hali da ba ta iya ɗauka. Ka cire alamarsa a Power Options, ƙarƙashin Choose what the power buttons do. In kuwa a cikin Chrome kaɗai allo ke ƙyaftawa ko bidiyo ya zama kore, ka kashe graphics acceleration a saitinsa na System, ka bar direba.

Zafi da ake ɗora wa direba

Saƙon nan da ke cewa direbar allo ta daina amsawa ta dawo, ko shuɗin allo mai VIDEO_TDR_FAILURE da sunan igdkmd64.sys, nvlddmkm.sys ko atikmpag.sys, yana nufin cif ɗin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa wa Windows ba. Sunan direba ne ya fito, amma sau da yawa zafi ne sanadi. Wasu sukan je rajistar Windows su ƙara TdrDelay, wato tsawon lokacin da Windows ke jiran amsar cif. Wannan toshe bakin ƙararrawa ne, wutar na nan tana ci.

Ka buɗe HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin injin, ka kunna bidiyo na minti goma. In zafi ya haura 90 a ma'aunin Salshiyas, ka buɗe injin. Ƙurar hunturu takan taru tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke fita, ta dunƙule kamar audugar katifa, har a zare ta da ɗan hantsaki a jere guda. Hurawa daga waje ba ya fitar da ita. Ka cire batir da caja, ka riƙe fankar da yatsa kafin ka hura don kada ta yi gudun da zai lalata ta. Ka goge busasshen man sanyaya cif da isopropyl, ka sa sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka ɗaure sukurorin bi da bi yadda aka sa musu lamba. Kada a cire tattausan fallayen da ke kan ƙananan cif na gefe, kada kuma a sa man goge baki a madadin na gaske.

Tun da an buɗe, a duba RAM. Cif ɗin Intel ba shi da ma'ajiyarsa, daga RAM yake ara, don haka sanda ɗaya mai lahani na iya watsa ɗigo-ɗigo a allo. A gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya, ko a bar manhajar gwada RAM ta MemTest86 ta yi zagaye.

Gasa cif da bindigar zafi

A 2008 ta bayyana cewa cif ɗin GeForce 8400M da 8600M suna da lahani tun daga masana'anta: ƙananan haɗe-haɗen da ke cikinsu suna tsagewa saboda ɗumama da hucewa. A Yulin wannan shekara NVIDIA ta ce ta ware dala miliyan 150 zuwa 200 don lamarin. HP Pavilion dv6000 da dv9000 da Dell Latitude D630 mai NVIDIA suna cikin waɗanda abin ya shafa. Alamarsa layuka tun daga BIOS, ko Code 43 a Device Manager da ke dawowa ko wace direba aka ɗora. Gasa cif da iska mai zafi yakan maido hoto na ɗan lokaci, sannan ya sake mutuwa, wani lokaci tare da kayan da ke kewaye da shi. Duk mai gyaran da zai yi wannan ya kamata ya faɗa wa mai kaya gaskiya, shi kuma ya kwashe bayanansa a ranar.

In injin mai cif biyu ne kuma na NVIDIA ko AMD ne ya mutu, ba sai an canja bod, wato babban allon da cif-cif ke kai, ba. A ThinkPad T420 ka shiga BIOS, Config, Display, ka mai da Graphics Device zuwa Integrated Graphics. Inda BIOS ba shi da wannan zaɓi, ka shiga Safe Mode ka danna Disable device a kan mataccen cif ɗin, ba Uninstall ba, don kada Windows ya sake tayar da shi. Intel zai riƙe allo, ya wadatar ga rubutu, intanet da bidiyo. Sai dai a wasu injinan ƙofar DisplayPort ko HDMI a jikin cif na biyun aka jona ta, don haka za ta daina fitar da hoto.