Daga Porto zuwa Cádiz da jakar goyo: yadda kuɗi kaɗan zai kai ka gaɓar tekun Fotugal da Sifaniya

Abu uku ne ke cinye kuɗin matafiyi a Turai: makwanci, kuɗin mota, da nauyin kaya. Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin guzuri ita ce wadda ke tafiya a miƙe ba komawa baya. Misali a sauka Porto, a gangara Lisbon, sai Lagos da Faro a yankin Algarve, a tsallaka Sifaniya zuwa Seville, a ƙare a Cádiz. Kwana 14 sun isa. Mai son ya cusa ƙasashe biyar cikin mako biyu, a tasha zai ƙare hutunsa.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Schengen, kuma guda ɗaya ta wadatar wa ƙasashen biyu. Ana nema ne a hannun ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, wato Fotugal a wannan tsarin. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da abin da cibiyar karɓar takardu ke caja. Dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fita, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Inda mutane ke faɗuwa shi ne takardun su saɓa wa juna: an rubuta kwana 14 a fom, shaidar masauki ta nuna kwana 9, ko kuma a ga kuɗi mai yawa ya faɗo asusu dare ɗaya ana gobe za a miƙa takardu.

A zaɓi watan Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta kuɗin gado a garuruwan bakin teku yana tashi sosai, zafin Seville kuma kan haura digiri 40. A kuma kauce wa Seville a makon Ista da lokacin bikin Feria de Abril, don samun makwanci ma aiki ne.

Batun jaka ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanonin jirgin sama irin su Ryanair suna sayar da kujera da arha ne su fanshe a kan kaya. Abin da tikiti mafi arha ya ƙunsa shi ne ƙaramar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera. Mai kilo 10 da ake sa wa a sama biya ake yi, kuma ya fi sauƙi a biya tun lokacin sayen tikiti. Idan aka bari sai a bakin shiga jirgi aka gwada jakar ta ƙi shiga ma'auni, tarar kan fi kuɗin tikitin. Abin da za a ɗauka: kaya kala uku, rigar sanyi mara nauyi ɗaya saboda iskar teku da dare, takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, silifas na banɗaki, ƙaramin tawul, ƙwado, da adafta. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga. Titunan Lisbon da Porto hawa ne da gangara, an shimfiɗa musu ƙananan duwatsu masu santsi, akwati mai taya wahala ce kawai a can.

Masaukin da ake kira hostel gado ake biya ba ɗaki ba, mutum shida ko takwas a ɗaki guda. Da yawa suna da ɗakin mata zalla. A nemi mai kicin da akwatin ajiya, a nan ƙwadon zai yi aiki. A duba taswira kafin a biya, domin gado mai arha a bayan gari kuɗin mota zai cinye rarar. Akwai kuma harajin baƙi da sau da yawa ba ya cikin farashin da aka gani a intanet: a Lisbon yuro 4 ne kowane dare, har zuwa dare bakwai.

Tsakanin Porto da Lisbon jirgin ƙasa na CP yana ɗaukar kimanin awa uku, kuma tikitin da aka saya da wuri ya fi arha. Bas ɗin Rede Expressos ko FlixBus ya fi shi sauƙin kuɗi. Daga Lisbon zuwa Lagos kusan awa huɗu ne a bas. Wannan Lagos ta Fotugal ce, ƙaramin gari mai duwatsu a bakin ruwa, don haka a buɗe ido wajen neman masauki kada manhaja ta kai mutum Ikko. Babu layin dogo daga Faro zuwa Seville, bas ne, kamar awa uku. Agogon Sifaniya yana gaban na Fotugal da awa ɗaya, kuma lokacin da ke jikin tikiti na garin da za a tashi ne. Daga Seville jirgin ƙasa zai kai ka Cádiz cikin ƙasa da awa biyu.

A cikin gari, katin Andante na Porto da Navegante na Lisbon sai an taɓa su a na'ura kafin kowace shiga bas ko jirgi. Katin da ke da kuɗi amma ba a taɓa shi ba, tara ce idan mai duba tikiti ya zo. Taragon lantarki mai bin titi, mai lamba 28 na Lisbon ya yi suna da 'yan sane, a juyo da jakar gaba.

Abinci kuwa, a yi cefane a Pingo Doce, Lidl ko Mercadona a dafa a masauki, sai dai a Sifaniya yawancin shagunan Mercadona ba sa buɗewa ranar Lahadi. Ruwan famfo ana sha, gora ɗaya ta isa. In za a ci a waje, a ci da rana, a nemi abincin ranar mai rahusa: prato do dia a Fotugal, menú del día a Sifaniya. Burodi, zaitun da cukun da ake ajiyewa a tebur a Fotugal ba kyauta ba ne, wanda aka taɓa za a sa a lissafi. Musulmi ya haddace waɗannan kalmomi, duk naman alade suke nufi: porco, presunto, fiambre, chouriço, cerdo, jamón, chorizo. Ko miyar ganyen nan caldo verde yawanci da yankan chouriço a ciki. Gasasshen kifi shi ne mafita a duk gaɓar. A Lisbon shagunan halal suna nan birjik a titin Benformoso kusa da Martim Moniz, babban masallacin kuma yana kusa da Praça de Espanha.

Wajen cire kuɗi a Fotugal a nemi na'urar Multibanco. Idan ta tambaya ko ta canza kuɗin da kanta, a ƙi, a zaɓi yuro, don canjinta ya fi na banki tsada.

Ruwan Atlantika yana da sanyi ko da rani, kuma yana da ja. Jar tuta a bakin ruwa na nufin kada a shiga, rawaya a tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa. A Algarve kada a shimfiɗa tawul a gindin dutse don neman inuwa, duwatsun suna zaizayowa, shi ya sa aka kafa allunan gargaɗi. Lambar gaggawa a ƙasashen biyu 112 ce.